Bajon da ke Cikin Kwalla

Kwana bakwai da binne ɗan Suwaibatu na biyu, surukarta Hajiya Dada ta shigo ɗakin ba sallama. Yaron kwanansa uku a duniya, an haife shi da buɗaɗɗen rauni a gadon baya. Na farin kuwa ko kuka bai yi ba. Hajiya ta ce a zuriyarsu ta Mairuwa ba a san wabi ba, daga Yankara, garin su Suwaibatu, aka auro musu shi, don haka ranar Juma'a in ɗanta Almu ya dawo za a zauna, kowa ya san inda ya dosa.

Da Hajiya ta fita sai Suwaibatu ta sauke kwallarta ta sama, ta warware hankici, ta rungume abin da ke ciki tana kuka. Wani ɗan bajo ne na roba mai lamba, bai kai kwalin ashana ba.

A shekarun nan da arzikin fetur ya sa samari suka jingine fartanya, Almu ya samu aiki a wani kamfanin shimfiɗa bututun mai wajen Kaduna. Aikinsa ɗaukar hoton walda da wata na'ura mai hasken da ido ba ya gani, amma yana ratsa ƙarfe. Tun suna zance a ƙofar gidansu yake kawo mata bajon duk ƙarshen wata, ya karɓi tsohon ya bar mata sabo, ya ce ta ajiye masa a inda take ajiye zuciyarta. Ita kuwa, baiwar Allah, har turare take fesa wa hankicin.

Ranar Laraba ciwon kwankwaso ya kai ta asibiti a Funtuwa, aka tura ta ɗakin hoto. Sai ga irin bajon nan a ƙirjin mai ɗaukar hoton, wani dattijo Malam Gide. Ta ce masa ai mijinta ma yana da shi, bajon yana gida a kwallarta. Malam Gide ya ajiye abin da ke hannunsa, ya tambaye ta aikin mijin. Sannan ya yi mata bayani a hankali: bajon auna hasken da ya shiga jikin ma'aikaci yake yi, in ya yi yawa a dakatar da mutum. Hasken nan yana iya taɓa ƙwayar haihuwar namiji, illar ta biyo abin da za a haifa. Ya ce ba mai iya rantsewa shi ya kashe 'ya'yanta, amma bajon da ke kwana a kwalla ba abin da zai nuna sai lafiya lau.

Tun daga Funtuwa har Mairuwa, yatsun Almu take tunawa, waɗanda suka ƙone ya ce mata zafin walda ne. Shekara huɗu tana goge ƙaryarsa da hankici. Wannan ya fi mata maganar Hajiya ciwo.

Juma'a bayan la'asar aka zauna. Hajiya Dada ta zazzage abin da ke cikinta, kawun Almu yana gyaɗa kai, Almu ya sunkuyar da nasa. Suwaibatu tana iya tona shi da kalma ɗaya, amma har yanzu tana sonsa, kuma so take ta ga ko wane ne ta aura. Ta tashi ta ɗauko bajon, ta durƙusa ta ajiye a gabansa.

“Ga ajiyarka. Na ga irinta a ƙirjin wani a Funtuwa.”

Almu ya daɗe yana kallon abin. Hajiya ta ce ya bar wasa ya rubuta wa Suwaibatu takardar saki.

“Hajiya, in da wanda za a kora, ni ne,” in ji shi. “An hwaɗa mana mu riƙa sa shi, an hwaɗa mana har ɗiyanmu abin shina iya taɓawa. Na ji tsoron a dakatar da ni, na ɓoye shi wurinta. Ba ta san komi ba.”

Hajiya Dada ba ta iya ba da haƙuri ba a ranar, amma da safe ita ta dama wa Suwaibatu kunu da hannunta.

Almu ya bar aikin ya koma gona. Likita ya yanke masa yatsu biyu, ya ce su dakata da neman haihuwa, kuma bai yi musu alkawarin komai ba. Suwaibatu ta zauna, ko da yake ta yi watanni ba ta dube shi ido da ido ba. Bayan shekara uku ta haifi 'ya mace lafiyayya, aka sa mata Baraka.

Haƙuri ya biya Suwaibatu, amma bai dawo mata da biyun da ke ƙasa ba. Duk wanda ya ɓoye haɗarin aikinsa don kada a dakatar da shi, ya sani ba jikinsa kaɗai ya sa a ciki ba, kuma kafin a zargi mace a kan haihuwa, a tambayi mijin ma. Ranar suna Almu ya ɗauki Baraka da yatsunsa takwas, ya juya ta a hankali, ya duba bayanta kafin ya duba fuskarta.