Durƙuson Fadilu a Tasha

Inna Biba tana tankaɗe a tsakar gida, ɗiyarta Zaliha tana gefe tana ninke zannuwan kayan ɗakinta, sai suka ji motar maigidan, Malam Burahima, ta shigo layi tana ƙara kamar an ɗaura mata gwangwani. Motar tsohuwa ce, daga Damagaram ya sayo ta da ribar ƙaro, amma duk Gure an san yadda yake ji da ita. Har bargo yake lulluɓa mata in rana ta yi zafi.

Suka leƙa waje. Bayan motar ya lotse, fitila ɗaya ta fashe. Malam ya shigo bai dubi kowa ba, ya ce an yi ɗan tsautsayi a tasha. Bai ci tuwo ba. Washegari ya ce yana da ciniki a Bune, ya hau motar haya ya tafi.

Sauran labarin maƙwabciyarsu Mardiya ce ta kawo shi, don magana ba ta taɓa kwana a bakinta ba. Ta ce ai Fadilu ne ya yi ɓarnar. Fadilun nan dai, direban Alhaji Ɗan Kasuwa, wanda aka sa ranar aurensa da Zaliha bayan girbi. Mutane sun ji ƙara, suna waigowa suka gan shi durƙushe gaban Malam, takalmi a cire, kai a ƙasa.

"Wanda bai yi laifi ba, mi zai durƙusar da shi tsakiyar tasha?" in ji Mardiya.

Ba ta tsaya nan ba. Ta ce ƙofar motar Alhaji ma ta lotse, Alhaji ya ce a kira 'yan sanda su yi konsta, wato rahoton haɗari, don masu asiransi, kamfanin inshora, ba sa biyan gyara sai an rubuta wanda ya bugi wani. Fadilu ya ƙi fur. Alhaji ya karɓe makullinsa, ya ce kada ya sake ganinsa sai ya gyara ƙofar daga aljihunsa.

Zanen da ke hannun Zaliha ya faɗi ƙasa, ba ta ma lura ba. Inna kuwa, wadda tun da aka sa rana ba ta ƙara kiran sunan yaron ba don kunya, ran nan sai da ta kira shi har da na ubansa. Dama can ma'aikacin gwamnati ta so wa ɗiyarta, yau ta samu bakin magana. Ta ce yaron da ya bugi surukinsa, ya gudu daga hukuma, ya rasa aikinsa a yini guda, da me zai riƙe mata ɗiya? Ta aika masa cewa ya gyara motar Malam, in ya so bayan nan za ta duba ko akwai sauran maganar aure.

Zaliha ta shige ɗaki ta kira shi a salula.

"Fadilu, kai ka bugi motar Baba?"

"Zaliha, abin da Allah ya ƙaddara ne."

"Ba ƙaddara na tambaye ka ba. In ba ka da laifi, don mi ka ƙi konsta?"

Sai ya ce, "Baba dai lafiyarsa lau ko?"

Ta kashe salular ta kifa kai a kan zannuwan tana kuka. Ta san Fadilu, mutum ne da ko akuya ta shiga gabansa sai ya taka birki ya jira ta wuce. Amma duk gari ba zai taru a kan ƙarya ba, shi kuma ya ƙi buɗe baki ya kare kansa. Wannan shirun ya fi komai yi mata ciwo.

Bayan 'yan kwanaki makaniki ya zo ya ja motar Malam, aka maido ta fes, da sabuwar fitila da sabon fenti. Mardiya ce dai ta sake kawo bayani: Fadilu ya je Gidigir ya sayar da bijimin da mahaifinsa ya kiwata masa don sadaki. Kuɗin kaf sun tafi a motar Malam, ta Alhaji tana nan a lotse, shi kuma yana zaune ba aiki. Inna ta ce to ga shi nan, yanzu ko sadakin ma babu, ta soma haɗa kayan da danginsa suka kawo don a mayar musu.

Ana cikin haka Malam Burahima ya dawo, ya rame kamar wanda ya tashi daga jinya. Ya tsaya ƙofar gida yana kallon motar, ya shafa inda ya lotse a da, ya shigo ya tambayi wanda ya gyara ta. Inna ta ba shi labari tiryan-tiryan tana jiran yabo, har ta nuna masa kayan da ta ɗaure.

Sai ga Malam, mutumin da ba ya zama sai an shimfiɗa masa buzu, ya zube a ƙasa daɓas.

"Biba, kin kashe ni," in ji shi. "Yaron nan motarsa a tsaye take, yana lodin fasinja. Ni na ja da baya na dake shi."

Rariya ta suɓuce daga hannun Inna.

Malam ya ci gaba, hawaye na bin gemunsa. Ya ce Fadilu ya fito a fusace zai yi faɗa, yana ganin wanda ke cikin motar sai ya cire takalmi ya durƙusa ya ce, "Baba, ina wuni." Gaisuwa ce kawai ta suruki, mutane suka ɗauka roƙon gafara yake. Konsta kuwa ya ƙi ta ne don ya san Malam ba shi da permi na tuƙi, motarsa kuma ba ta da asiransi, da 'yan sanda sun zo da a komisariya tsohon zai yini.

"Na ji ana zaginsa, na buɗe baki in yi magana, girma ya riƙe mini harshe. Na ce yaya za a yi a ce Malam Burahima bai iya tuƙi ba? Shi ya sa na gudu Bune."

Inna ta ɗora hannu a ka. Sai kallon ƙullin kayan take yi, tana tuna saƙon da ta aika da sunayen da ta kira. Zaliha, wadda ba ta taɓa ɗaga ido ta dubi mahaifinta ba, ta durƙusa gabansa ta ce a hankali, "Baba, a tasha aka ɓata masa suna."

Da la'asar, lokacin da tasha ta fi cika, Malam ya taka da ƙafarsa har rumfar Alhaji Ɗan Kasuwa, ya sa aka kira Fadilu. Gaban direbobi da masu shayi da 'yan kamasho ya faɗi abin da ya faru bai rage komai ba. Alhaji ya ce ashe kwana da kwanaki yana tsine wa wanda ya fi shi hankali. Malam ya aza makullin motarsa a kan benci, ya ce a sayar da ita, a gyara ƙofar Alhaji, a saya wa yaro bijimi kamar nasa.

Fadilu ya iso bai san abin da ake ciki ba. Yana hango surukinsa ya soma cire takalmi. Malam ya yi sauri ya kama hannunsa kafin gwiwarsa ta kai ƙasa.

"A'a, ɗana. Yau tsaya a tsaye, kowa ya gan ka."

Da yamma Inna ta kwance ƙullin kayan da hannunta, ta dama fura ta aika gidan su Fadilu, ta kuma koma ba ta iya kiran sunansa. Zaliha ta kira shi tana kuka tana dariya, ta ce da ya bari auren ya mutu a kan shirunsa? Ya ce ya fi masa sauƙi ya jira ta shekara goma da a ce shi ya kai mahaifinta gaban 'yan sanda.

Bayan girbi aka ɗaura aure. A motar Alhaji aka kai amarya, da ƙofarta sabuwa.

Wanda ya rufa wa babba asiri don Allah, ko an zage shi yau, Allah ba zai bar shi a ƙasa ba. Babba kuma ya sani, in ya yi shiru a kan laifinsa don tsoron kunya, wani ne ke biya masa. Malam Burahima yana yawonsa da ƙafa har yau, in an tsokane shi da maganar mota sai ya ce surukinsa direba ne.