Loma Uku Daga Hannun Dada

"Buɗe bakinki, 'yata."

Lauratu ta dubi lomar da ke hannun Hajiya Fatime, uwar wanda za ta aura. Tuwon shinkafa ne, da tsokar giwan ruwa a bisa, miyar yakuwa tana bin yatsun tsohuwar. Ƙamshi ya cika ɗakin.

Kwana ashirin da uku ke nan da aka yi mata aiki a Faransa, aka ɗinke tumbinta aka rage shi. Likita ya ja mata kunne har sau biyu: wata biyu cur ba ita ba abin da ake taunawa. Sai garin gwangwani mai gina jiki da ya ba ta, a dama da ruwa ta riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan, daga baya a ƙara da tataccen kunu. Ɗinkin ɗanye ne, in ta ci tuwo ko nama zai iya ɓarkewa. Ga ma kofin nan a gefen tabarma, ko rabi ba ta sha ba.

Ta ɗaga ido ta nemi angon nata, Ilyasu. Yana zaune a bakin ƙofa, makullin mota a hannu, yana kallon takalmansa kamar yau ya fara ganin su.

Shi ne fa ya kawo maganar aikin nan. Lauratu 'yar Alhaji Ɗanmalam ce, mai fataucin goro da atamfa a Garwa, kuma ƙiba gadon gidansu ce. Tsofaffi yabon ta suke, suna cewa ga 'yar gidan wadata, amma ita ta san in ta hau matakala uku sai ta tsaya tana haki. Ilyasu, da ya yi karatu a Yawunde yake kuma aiki a ofishin kamfanin auduga, shi ya ji labari a bakin wani Bature, ya zo ya yi ta lallashi. "Don lafiyarki ne, sheri." Haka yake kiran ta, wato masoyiya da Faransanci. Da gaskiyarsa ta nan, sai dai bai ƙara da cewa yana kuma sha'awar ya shiga liyafar ma'aikata da siririyar mata ba. Ya roƙi gidansu a rufe maganar, ya ce mahaifiyarsa kuwa a bar masa, shi zai gaya mata da bakinsa. Shekaranjiya ma ya dafa ƙirji ya ce, "Na faɗa wa Dada, ta fahimta."

To ga Dadar nan, da langa uku.

"Ko ba ki ji ba ne?" in ji Aisatu, 'yar ƙanwar Hajiya, wadda ta ɗauko langunan. Duk unguwa an san ta so Ilyasu tun tana 'yar makaranta. "A gidanmu haka ake yi. Kafin biki uwar ango takan dafa da kanta, ta ba amarya loma uku da hannunta. Wadda ta ƙi kuwa..." Ta yi ɗan murmushi. "To, ta ce ana son a yi mata sammu ke nan."

"Aisatu, bar ta. Kunya ce," Hajiya ta ce, hannunta na nan a miƙe. "Tun asuba na aika bakin Binuwai aka zaɓo kifin nan. Ci, 'yata, kin rame ƙwarai."

Innar Lauratu ba ta ɗakin. Lauratu 'yar fari ce, uwar ba ta zama inda ake sha'aninta, tun da baƙi suka yi sallama ta shige maƙwabta. Alhaji kuma ya yi tafiya garin Banyo. Amarya ba ta buɗe baki ta yi wa surukarta bayani, balle ta ce mata a'a. Mutum ɗaya ne zai iya magana a ɗakin nan.

"Yaya Ilyasu..." ta ce a hankali.

Bai ɗago ba.

"Ki ci mana, Lauratu. Loma uku ce kawai."

Ta rufe ido ta buɗe baki.

Ta farko ta wuce da ƙyar. Ta biyu ta tsaya a ƙirji. Ta uku tana sauka ta ji kamar an soka mata wuƙa ƙarƙashin haƙarƙari. Ta daure, ta ce, "Na gode, Dada," har ta yi ƙoƙarin raka su ƙofa. A tsakar gida ta durƙushe tana amai, da jini a ciki.

Sai bayan kwana biyu ta san inda take. Ɗakin lopital ne, wato asibiti, ga robar ruwa a hannunta, ga Micheline zaune a kanta. Micheline ma'aikaciyar jinya ce, mutuniyar duwatsun arewa, ita ke zuwa gida wanke mata ɗinki tun dawowarta, har suka shaƙu.

"Ke, wa ya ce ki ci tuwo?" Hausarta ta kasuwa ce, ba ta da kwana-kwana. "An sake buɗe ki fa. Saura kaɗan ki tafi."

Lauratu ta juya fuska bango.

"Ya zo?"

"Ya kawo ki, ya tafi. Bai dawo ba." Micheline ta gyara mata zane. "Akwai magana a gari. Gara ki ji a bakina."

"Faɗi."

"Aisatu na bin gidaje. Wai ba sayen kayan aure ya kai ki Faransa ba, wai ciki kika je kika zubar. Wai shi ya sa kika rame, shi ya sa jini."

"Sayen kayan aure? Wa ya ce na je sayen kayan aure?"

"Haka Ilyasu ya gaya wa uwarsa."

Ba ta yi kuka a lokacin ba. Baƙin cikin ya fi ƙarfin hawaye, kwanciya kawai ta yi tana kallon silin, tana tuna yadda ya dafa ƙirji.

Ran kwana na huɗu da hantsi ya shigo, cikin farar riga mai guga, da lemo a leda. Lemo, ga wadda ko ruwa da cokali ake ba ta.

"Sheri, ya jiki? Wallahi ban yi barci ba tun ranar..."

"Me ya sa ba ka gaya mata ba?"

Ya zauna a bakin gado, ya share goshi.

"Ki fahimce ni. In na ce wa Dada an yanka cikinki, cewa za ta yi ba za ki haihu ba, ta hana auren. In ta tambayi wa ya tura ki, me zan ce? Na ɗauka loma uku ba za ta yi komai ba."

"Kai ka karanta mini takardar likita, Yaya Ilyasu. Da Faransanci take, kai ka fassara mini ita layi-layi."

Ya ajiye ledar lemon a ƙasa.

"Ka ji abin da Aisatu ke faɗa?"

"Na ji."

"Ka ƙaryata?"

"Lauratu, saura sati uku biki. In aka ɗaura aure maganar za ta mutu da kanta. Ki daure mini, kar ki ce komai. Ina son ki, kin sani..."

Ta daɗe tana kallon sa. Kyakkyawa ne har yanzu, abin haushin ke nan, kuma son da take masa bai tafi ko'ina ba, yana nan yana cin ta.

"Wato a ce na zubar da ciki ya fi maka sauƙi da a ce kai ka tura ni."

Daidai nan aka yi sallama. Hajiya Fatime ce, fuska a ɗaure, Aisatu na bayanta. Ba ta zauna ba.

"Sannu da jiki. Na zo in ji da kunnena, kafin Alhaji ya dawo mu san abin da za mu yi da maganar auren nan. Abin da ake faɗa gaskiya ne?"

Ilyasu ya miƙe da sauri. "Dada, ba ta da lafiya, a bari sai..."

"Micheline, taimake ni," in ji Lauratu.

Duk kunyar da aka raine ta da ita ta ajiye ta gefe. Micheline ta ɗaga mata riga, ta janye bandeji kaɗan. Ɗinkin ya tashi daga ƙasan ƙirji ya tsaya bisa cibiya, sabo a kan tsoho.

"Dada, ke uwa ce, kin san inda ciki yake zama. Nan tumbi ne. An rage mini shi saboda ƙiba, likita ya hana ni tuwo da nama wata biyu. Wannan garin gwangwanin shi ne abincina."

Micheline ta gyaɗa kai. "Haka ne, Hajiya. Tuwon ne ya fasa ɗinki."

Tsohuwar ta dubi ɗinkin, ta dubi hannunta na dama.

"Inna lillahi... Da hannuna?" Ta juya ga ɗanta. "Ka sani?"

Ilyasu ya sunkuyar da kai.

"Ka sani, kana zaune a bakin ƙofa?"

Aisatu ta sulale waje ba wanda ya kula ta. Hajiya ta zube a gefen gadon, ta kama hannun Lauratu tana kuka, mace mai shekara sittin da ba a taɓa ganin hawayenta a bainar jama'a ba.

"Ki yafe mini, 'yata. Zan bi gidajen nan ɗaya bayan ɗaya in wanke sunanki da bakina. Biki kuma sai ranar da kika warke, ko shekara ce mu jira."

Sai yanzu hawayen Lauratu suka zubo. Ta so matar nan ta zama uwarta, ta so ƙwarai.

"Ke ba ki yi mini komai ba, Dada. Ba ki sani ba." Ta numfasa, ɗinkin ya ja ta. "In Baba ya dawo zai mayar muku da lefenku."

"Sheri, don Allah..." Ilyasu ya matso.

"Ka bar kira na haka."

Ya tsaya a tsakiyar ɗakin yana duban mahaifiyarsa, ko za ta sa baki. Hajiya ba ta ko waiwaye shi ba, kuma ba ta saki hannun Lauratu ba. Micheline ta je ta buɗe masa ƙofa, ta tsaya riƙe da ita har ya fita.