Takardar Jinin Dogo

"Karanta mini wannan lambar," in ji Yaya, ta dangwara takarda a teburina, gefen kwalaben jinin da nake jerawa.

Sunan Dogo ne a sama, telan da zan aura. Jiya ya kai mini ita gida ba na nan, ta faɗa hannunta.

AST ɗinsa ya ninka ƙa'ida sau huɗu. Sinadari ne da ke tsiyaya cikin jini idan hanta ko zuciya ta samu rauni.

"Na tambaya, an ce hanta ce. Shaye-shaye yake yi, ƙanwata. Ga ƙanin mijina nan lafiyayye, har yau ke yake jira."

Idona bai bar takardar ba. Sauran awon hantar lafiya lau. Na zuciyar ma haka.

To daga ina?

Tana fita na kira Dogo a waya.

"Me kake yi da jikinka kwanan nan?"

"Ɗinki mana, Malamar Jini."

"Ɗinkin ne ya kai ka asibiti da ciwon jiki?"

Sai ya canja zance.

Nan na tuna, tsoka ma tana zubar da sinadarin idan aka gallaza mata. Amma mutumin da almakashi ne mafi nauyin kayan aikinsa?

Da aka tashi daga aiki na wuce shagonsa. A rufe. Mai askin da ke maƙwabtaka da shi ya kwatanta mini wani fili a bayan layin.

Can na same shi da bulo a ka, siminti har gira, tafin hannunsa duk ya ɗaye.

"Ɗakinki ne," ya ce, yana sunkuyar da kai. "So na yi sai an yi rufi ki gani, rabin raina."

Na rasa dariya zan yi ko kuka.

"Sauke," na ce. "Sati guda ko bokiti kada ka ɗaga, sannan mu sake awo."

Ya ji magana. Lambar ta sauko daidai.

Na kai wa Yaya takardu biyun, na kuma ja ta har filin. Ta daɗe tana kallon ginin.

"Na yi masa mummunan zato," ta ce a hankali. "Ki ce ya yafe mini."

A ɗakin muka tare. Bangon da ya gina da hannunsa ya ɗan karkace, magini ya ce a rushe shi.

Na ce kada wanda ya taɓa mini shi.