Kujerar Baƙo

'Yan ajinsu suna cewa bai taɓa makara ba. Leburorin da suka yi aiki a ƙarƙashinsa suna cewa bai taɓa cin guminsu ba, amma ba wanda ya taɓa jin "yi haƙuri" ta fito daga bakinsa. Matarsa kuwa, tun tana cikin hankalinta, cewa take yi: "Mutumin nan ko ƙafarka ya taka, sai ya yi maka bayanin yadda aka yi ka ajiye ta a kan hanya."

Baban Aji ake kiransa, domin da furfura a gemunsa ya shiga jami'a, yana karanta tsara taro da tafiyar da ayyuka a sashen kasuwanci. Sana'arsa hayar kujeru da rumfa ce, shi da yayansa. Shi ke fita neman aiki, Yaya kuma na sito da ƙusa da waya, yana ɗinke kujerun robar da suka tsage. Yaya ne ya raine shi, shi ne kuma ya tura shi karatu.

"Je ka koyo mana yadda manya ke yi," in ji shi. "Ni dai da waya muka ƙulla zumunci."

Ya koya kuwa. Ya iya jadawali, ya iya raba aiki, ya san inda ake sa lasifika da inda ake buɗe ƙofar ko-ta-kwana. Wata rana malamarsu ta tsaya gaban allo ta ce: "Haɗari abu huɗu ake yi masa. Ka kauce masa, ka rage shi, ka ɗauke shi da kanka, ko ka ɗora wa wani." Wannan ta ƙarshen ta yi wa Baban Aji daɗi. Malama ta ƙara wata magana a kai, amma shi ya riga ya rufe littafinsa.

Sai dai ilimi daban, kwangila daban. A wani taro ya kai kujeru ta ƙofar baya, sai ga wata 'yar ajinsu, wadda a haife ya haife ta, da katin shugabar tsarawa a wuya.

"Laa, Baban Aji, kai ne? Yawwa, taimaka ka matsar da waɗannan gefe."

Ya matsar. Amma abin ya ci masa rai, har ya shiga neman wata hanya.

Wata rana da tsakar rana ya je wurin wani boka, a bayan wani tsohon gareji da ciyawa ta cinye, ɗauke da kujerar roba fara kamar yadda aka umarce shi. Ɗakin ba taga. Jan ƙyalle ya rufe bango, ƙahoni na reto daga rufi, ga tukwane a jere an ɗaure bakinsu da fata, ɗaya daga ciki tana numfashi a hankali kamar mai barci. Warin turare da na tsohon jini sun haɗu sun zama abu ɗaya.

"Taro kake so," in ji bokan, bai ko ɗago ba. "Akwai mai son taro fiye da kai. Ba a taɓa gayyatarsa ba. Duk taron da ka tsara, ka ajiye masa kujerar nan a sahun gaba. Shi zai cika maka sauran."

"Me zan biya?"

"Kai? Ko anini. Amma duk wanda ya zauna masa a kujera, ya zama nasa."

Baban Aji ya gyara zama, kamar mai tattauna kwangila. "To, sharaɗina ɗaya. Kada ya taɓa kowa a gidana."

Bokan ya yi dariya har haƙoransa na ƙarshe suka fito. "Kujera ta san gida ne? Nauyi kawai ta sani. Ba kai ne mai tsari ba? Tsara mana."

Nan ya kamata ya tashi. Amma wanda ya riƙe rabin darasi ya fi jahili haɗari. Ya ce a ransa: wannan ai mai sauƙi ne, igiya da takardar "an tanada" sun isa, in ma an samu kuskure, a kan wani zai faɗa.

Aka yanka baƙin zakara a ƙarƙashin kujerar. Bokan ya goge gumin goshin Baban Aji da tsumma, ya shafa a ƙafafunta, ya ƙona mata tambari da jan ƙarfe ta ƙasa, inda ido ba ya kai. Sa'an nan ya ce ya ɗauke ta a ka ya zagaye tukunyar nan mai numfashi. Da ya fara, kujera ce. Kafin ya gama, wuyansa na ƙara kamar ya ɗauki ƙaton mutum.

Arziki ya zo da gudu. Taron kamfanoni, yaye ɗalibai, baje koli, duk shi ake nema. Taronsa ruwa ba ya dukansa, janareto ba ya mutuwa, babban baƙo ba ya makara. Ya sayi motoci, ya gina gida mai bene, har Malama ta gayyace shi ya yi wa 'yan aji jawabi. A kowane taro, a sahun gaba, akwai kujera ɗaya da aka zagaye da igiya, kuma masu lura sun ce ƙafafunta kan ɗan buɗe kamar an zauna.

Na farko wani mai ɗaukar hoto ne da ya gaji, ya ɗaga igiya ya ɗan huta. Bai kai ƙarshen mako ba. Baban Aji ya je ta'aziyya da buhun abinci, ya dawo yana jin wani sanyi mai muni a zuciyarsa: tsari ya yi aiki, a kan wani ya faɗa.

Abin da bai sa a lissafi ba shi ne roba tana gajiya. Wata rana yana can yana sallamar manyan baƙi, kujerar ta tsage ta baya. Leburori suka yi abin da aka koya musu tun ranar da aka ɗauke su aiki: duk wadda ta tsage, a kai wa Yaya. Shi kuwa Yaya, duk da arzikin da ya shigo, ya ƙi barin sito, ya ƙi yarda a yar da kujera. Kuma bai taɓa sallamar ɗinki ba sai ya zauna a kai ya jijjiga, ya ji ko zai riƙe.

A zaune aka same shi ba rai, waya a hannu, idanunsa a buɗe suna kallon gefe, kamar mai ba wani wuri.

Baban Aji ya birkice sito yana neman kujerar, yana kifa su ɗaya bayan ɗaya. Babu. Ga gida ya cika da masu gaisuwa, dole ya koma ya zauna a cikinsu. Sai da jama'a suka ragu matarsa ta zo kusa da shi, idanunta jajur.

"Maigida, na sa an kwaso kujerun sito saboda baƙi. Ɗinkin Yaya na ƙarshe kuwa na ware shi, ba za a ƙara ba da shi haya ba. Na sa wa 'Yar Baba a ɗakinta, ta riƙa karatu a kai tana tuna shi."

"Tun yaushe?"

"Tun shekaranjiya. Me ya faru? Maigida, me ya faru?"

Ya hau bene da gudu. 'Yarsu ke nan ɗaya tilo, tana zaune ta kifa kai a kan tebur, fensir a tsakanin yatsunta. Ya kira ta da duk sunayen da yake lallashinta da su. Jikin ya riga ya yi sanyi.

Ya koma bayan gareji, ya tarar da ɗakin ba rufi, ciyawa har gwiwa. Ya ƙona kujerar, hayaƙinta ya yi baƙi, ya ƙi tashi sama. Daga nan taronsa ya fara watsewa: rumfa ta faɗi, wuta ta tashi, aka daina kiransa. Motoci suka tafi, bene ya bi su. Wata rana ya haɗu da wani tsohon ɗan ajinsu, ya tambaye shi abin da Malama ta ƙara a ranar darasin haɗari.

"Haba Baban Aji, ai shi ne kan maganar. Ta ce wanda za ka ɗora wa, sai ya sani, kuma sai ya yarda. In ba haka ba, zalunci ne, kuma kanka zai dawo."

Kai mai saurare, ka ji da kyau. Duk wanda ya ce zai ba ka duniya kyauta, da naka zai biya kansa. Ba a gayyatar abin da ba a san yadda ake sallamarsa ba. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne, kuma ƙofar da yake buɗewa ta gidanka ce.

Yanzu a sito suke zaune, shi da matarsa. Kullum da safe takan fito da ragowar kujeru, ta jera su sahu-sahu a tsakar fili, ta goge kowace da gefen zanenta, ta tsaya a bakin ƙofa tana yi wa iska maraba. Ba ta gane shi. Bai taɓa gaya mata komai ba. Ya sha shirya bayanin a ransa, da dalilai, da yadda leburori suka yi kuskure.

Ran nan ya zo wucewa, ta tare shi da hannu.

"Malam, ina katinka? Nan wurin Yaya ne, nan na 'Yar Baba. Sun kusa isowa."

Ya buɗe baki zai fara bayani, bayanin ya ƙi fitowa. Ya durƙusa a tsakanin kujerun.

"Ba za su zo ba," in ji shi, da ƙarfi har maƙwabta suka ji. "Ni na gayyato abin da ya ɗauke su. Ba leburori ba ne, ba ke ba ce. Ni ne. Ki yi haƙuri. Don Allah ki yafe mini."