Muryar Ƙarfe Bakwai

Ranar da Auta ta fara shiga shagon, rungume take da tsohuwar kwamfutar babanta kamar mai kai jariri asibiti. Mai gyaran ya ɗago kai, ya kalle ta, ya manta abin da yake kwancewa.

"Nauyi take yi, ga zafi," in ji ta. "Amma don Allah kada ka goge komai."

Ya kunna, ya juyo mata allon. "Kin ga nan? Furosesa ke nan, ita ce ƙwaƙwalwar. Manhaja goma sha bakwai ne a kanta, kowace tana cewa ni za a fara yi wa aiki. Ko jaki aka yi wa wannan lodin ai ya kwanta."

Ta yi dariya, ta farko tun rasuwar Ummanta. Ya share fanka, ya rage wa manhaja biyu-uku ƙarfi, ya karɓi lambarta, wai don ya riƙa bin lafiyar majinyaciya.

Majinyaciya ta warke, amma bin lafiya bai ƙare ba.

Wata rana ya turo mata saƙo: "Sanyin idona, na duba saitin zuciyata, ke kaɗai na ba fifiko. Sauran duk na tura su baya."

"Injiniya, Allah ya shirye ka. Ka dai ci abinci?"

Bayan wata shida Baba ya ce Injiniya ya turo manyansa. Ɗan wan Baba, wanda ya daɗe yana zarya a gidan da sabuwar mota don neman auren Auta, ya sha kunu.

Ana saura kwana huɗu manya su zo, Injiniya ya so ya burge suruki. Ya karɓi kwamfutar ya yi mata gyaran gaske. Ya buɗe jadawalin ayyukan da take yi da kanta, ya ga wani aiki marar suna da ke tayar da ita kullum da safe, ya kashe shi don ta huta, sannan ya mayar musu da ita gida. Garin neman ƙiba aka samo rama.

Akwai abin da Auta ba ta taɓa gaya masa ba, don bakinta ba ya iya ɗaukarsa. A gadon asibiti Umma ta sa yayan Auta ya naɗi muryarta, ya saita ta a kwamfutar. Kullum ƙarfe bakwai sai ta ce, "Malam, bakwai ta yi. A sha magani, ban da gardama." Muryar tana sarƙewa, tana yankewa, amma tata ce. Shekara biyu Baba ba ya haɗiyar ƙwayar hawan jini sai ya ji ta.

Washegari Baba ya zauna da kofin ruwa a hannu. Bakwai ta yi, ta wuce, har takwas. Muryar ba ta fito ba.

"Sau biyu ke nan ana raba ni da ita," ya ce. Ya kulle kwamfutar a durowa. "A gaya wa yaron nan kada ya turo kowa."

Ɗan wan nasa ya zo da sauri. "Baffa, dama ta tsufa. Gobe in kawo maka sabuwa dal."

"Sabuwa da muryar wa?" in ji Baba. Bai sake kallonsa ba.

Kwana uku Baba bai sha magani ba. Auta tana kuka ta tura saƙo: "Na ce kada ka goge komai. Muryar Ummata ce take tashin Baba da safe, ka goge ta."

"Innalillahi. Wallahi ban goge ba, dakatarwa na yi. Sanyin idona, ko ba zai ba ni ke ba, a bar ni in mayar masa da ita."

Washegari shida da rabi Injiniya yana bakin ƙofa, idanu jajur. Auta ta durƙusa gaban Baba. "Laifina ne, ni ce ban gaya masa ba." Baba ya ajiye makullin durowar a ƙasa.

Injiniya ya farfaɗo da aikin, ya ɗora shi gaba da komai, ya sa sauran manhajoji su jira har ta gama magana.

Bakwai daidai muryar ta fito tas, kamar Umma tana bayan labule. Da ta ce "ban da gardama," sai ta yi 'yar dariya, dariyar da sarƙewa ta haɗiye shekara biyu.

"Sake," in ji Baba. Sau uku ana maimaitawa, hawaye na bin gemunsa. Ya haɗiye ƙwayar. "Yaro, ka ce wa manyanka su zo."

Ranar ɗaurin aure Auta ta zo gaishe da Baba da safe, ta tsaya a bakin ƙofa. Umma ta gama maganarta, ta yi dariyarta.

"Na sha," Baba ya amsa mata a hankali. "Yau autarki za ta tafi ɗakinta, yaron kirki ne. Allah ya yi musu albarka, ya ba su zaman da ya fi namu tsawo."

Auta ta toshe baki da mayafi, ta ce amin.