Tokar Bandar Inna

Akwai wata irin cuta da ba a kai mai ita asibiti, amma tana cin mutum har ya rame. Ita ce ta yaron da ya gama jami'a, ya yi bautar ƙasa, ya dawo gida ya tarar babu wanda ke jiran karatunsa. Ita ta kama Sahabi a Yelwan Yawuri, kuma ita ta kai shi inda bai kamata Musulmi ya taka ba.

Ranar da ya dawo, mahaifiyarsa Inna Asama'u ta yi tuwon shinkafa ta raba wa maƙwabta. Ta cancanci murnar, domin da bandar kifi ta yi masa karatu, hayaƙi ya cinye mata ido har ba ta gane mutum sai ya matso. Wansa Sulaiman kuwa tun yana ƙarami ya bar makaranta ya shiga jirgi da taru, don ƙanen ya samu ya ci gaba. Autarsu Yasira ita ma ta ɗora rai a kansa, tana so ta karanci aikin jinya.

Da murna ta lafa, sai tambaya ta fara: "To, ɗan boko, yanzu sai mi?" A masallaci a tambaye shi, a wurin mai shayi a tambaye shi. Shi kuwa wallahi bai sani ba. An ce ya je Shanga ya koyar a wata makarantar kuɗi, ya ga abin ya yi masa kaɗan. Wani abokinsa ya kira shi Abuja, ya ji tsoron ya je ya zama ɗan aike. Sulaiman ya ce su haɗa hannu su yi noman albasa, ya dubi tafin hannunsa ya kau da kai. Kowace ƙofa aka nuna masa sai ya tsaya a bakinta ya ce zai yi tunani, har a rufe ta yana nan tsaye. Ba malalaci ba ne, kada a zalunce shi. Tsoro ne ya yi masa yawa, kullum gani yake idan ya kama wannan, wancan ne zai fi.

Inna ba ta taɓa yi masa gori ba, abin da ya fi ci masa rai ke nan. Cewa kawai take yi: "Ni ban son komi, Sahabi. In dai ga ranar da za ka aza min samunka na farko ga hannu, in sa maka albarka."

A bakin ruwa ya ji labarin Tamada, daga bakin wani dillalin kifi na Warra da ya ga yaron ya zama abin tausayi. Ya ce akwai wani tsoho mai wannan suna a wani gungu, wato tsibiri, can tsakiyar tafki, inda wani tsohon ƙauye ya nutse, ba a samunsa sai ruwa ya ja baya. Ba ya karɓar kuɗi. Abin da ake kai masa kawai toka ce daga murhun wadda ta raine ka. Sahabi ya yi ta'awizi ya tashi. Amma da safe, Inna na alwala, ya durƙusa gindin bandarta ya cika leda.

Mai jirgin da ya kai shi ya ƙi matsawa gaɓa. Ya kashe inji nesa, ya ce ya sauka ya taka. Rana tana tsaka, amma gungun babu tsuntsu, babu ko ƙuda. Ragowar katangun mutanen da sun fito daga laka, baƙaƙe, da fasassun tukwane a kife. A tsakiya akwai kututturen wata tsamiya da ruwa ya kashe, an ɗaure shi da jan ƙyalle, an rataye masa kawunan kifi busassu, kowanne baki buɗe. A gindinsa wata randa ce binne har wuya, cike da ruwa baƙi ƙirin, kuma wani abu yana juyawa a ciki a hankali.

Tamada na zaune a gefen randar, ɗan ƙaramin tsoho, fatarsa ta yi fari ta yamutse irin ta wanda ya daɗe cikin ruwa. Bai amsa sallama ba.

"Mi kaka so?"

 Ko a nan ma Sahabi bai sani ba.

"Ina son in zama wani abu," ya ce.

Tsohon ya yi dariya, babu haƙori ko ɗaya. "Masu zuwa nan sun san abin da ya kawo su. Wani sarauta, wani mata. Kai ko abin roƙo ba ka da shi. To ni in zaɓa maka. Kihi. Tafkin ga duk shi zan naka."

Ya karɓi ledar ya zazzage tokar cikin randa. Ruwan ya yi wani irin huci, abin da ke ciki ya taso ya haɗiye ta.

"Me zan biya?" Sahabi ya tambaya. "In jini ne, ba zan iya ba."

"Ka ga wuƙa nan? Ni ban yanka. Sharaɗi biyu na. Kihin da jirginka ya kamo, bakinka ba ya taɓa shi. Na farko kau, ka kai gida a ci."

"Shi ke nan?"

"Wanda ya ci, ya shiga."

"Ya shiga ina?"

Tsohon ya yi kamar bai ji ba. A nan ne ya kamata Sahabi ya juya, kuma zuciyarsa ta gaya masa haka, kada wani ya ce bai gane ba. Ya ce a ba shi lokaci ya yi tunani.

"Dubi bayanka," in ji Tamada. "Mai jirginka ya tada inji. Ruwan ga kau tasowa shikai, baɗi ko ka zo ba lalle ka ishe ni ba. Sa hannunka cikin randa, ko ka koma gida su ci gaba da tambayarka."

Tambayar nan ce ya tuna, da idon Inna. Mutumin da ya kasa zaɓar aikin halal, sai ga shi ya yanke shawara cikin ƙiftawar ido. Ya tsoma hannu. Wani abu mai santsi da sanyi ya naɗe masa yatsu, ya tsotsa, sannan ya sake shi.

Fitarsa ta farko tare da Sulaiman, tarunsu ya kamo giwan ruwa da sai da ƙarti suka taru kafin a ɗaga shi. Ya kai gida, ya ajiye a gaban Inna. Ta shafa kifin, ta shafa kansa, tana hawaye tana addu'a. Aka yi farfesu, Sulaiman ya ci kai, Yasira ta ci tsoka har tana lasar yatsu. Sahabi ya ce cikinsa ne ke ciwo.

Daga nan abin ya zama abin mamaki. Inda wasu suka wuni ba su samu na miya ba, jirginsa sai ya dawo yana neman nutsewa don nauyi. Jirgi ɗaya ya zama jirage masu inji, ya gina ɗakin sanyi, manyan motoci suna ɗiba suna yin kudu. Ya rushe gidansu na ƙasa ya yi na bulo, ya hana Inna banda, ya kai Yasira makarantar jinya. Masu tambayarsa a da su ne yanzu ke cewa ai tun yana yaro sun ga alama. Ya yi ƙiba, ya yi haske, ya kusa mance gungun.

Sulaiman aka fara ɗauka. Mutumin da ke ninƙaya tun kafin ya iya tafiya sosai, aka tsince shi kife a ruwan da bai kai gwiwa ba, da hantsi, mutane na kai da kawo a gefensa. Da masu wanka suka buɗe bakinsa, suka tarar da shi cike da toka, busasshiya. Suka dubi juna, suka rufe maganar don darajar gidan, amma ɗaya ya raɗa wa Sahabi. Bayansa mutum biyu cikin ma'aikatan jiragen suka bi, masu ɗiban na miya kyauta in an sauke kaya.

Sahabi ya hana a shigo da kifi gidan, ya hana ma'aikata taɓawa. Gari ya ɗauka da cewa kuɗi sun sa shi rowa. Bai damu ba, ya ɗauka ya toshe ɓarakar. Sai aka dawo da Yasira daga makaranta a bayan mota, mata biyu na riƙe da ita. Ba ta zagi, ba ta duka. Numfashi ne take cewa ba ta samu a tudu. Ta shige bahon wanki ta zauna, tana buɗe baki tana rufewa, ido ba ƙiftawa, kuma da an yi sake sai ta nufi tafki a guje. Malamai suka yi ruƙiyya har muryoyinsu suka dushe. A ƙarshe aka ɗaure ƙafarta da zane a jikin gado, Inna na zaune kusa da ita tana jiƙa mata fuska.

Inna ce kaɗai abin bai taɓa ba, kuma Sahabi ya san dalili. Ƙaurin banda ya daɗe da fitar mata da sha'awar kifi, ba ta sa shi a baki.

Ya koma gungun. Ruwa ya cinye katangun, saura kan kututturen, Tamada na tsugune a kai da randar a gabansa.

"Ka sake ƙanwata," in ji Sahabi. "Ka kwashe jiragen, ka kwashe komai."

"Mi za ni yi da jirgi? Su na ƙasa ba su cin katako."

"Ka yaudare ni!"

"Na hwaɗa maka wanda ya ci ya shiga. Ka ji, ka sa hannu." Ya zura hannu cikin randar ya zaro wata tarwaɗa baƙa, ba ta ko motsi, sai kallo. "Ga ƙarshen magana. A dahwa ta yau. Wanda ya cinye ta shi ka tahiya, a sallami sauran. Kai ad da alkawali, kai ya kamata. In rana ta hwaɗi tana cikin kwano, yarinyar za su ɗauka."

Ya iso gida wajen azahar ya miƙa wa Inna kifin. Ta juya shi a hannu, ta kai hanci, ta ajiye.

"Wanga ba kihin ruwanmu ba ne. Ina ka samo shi?"

Ya durƙusa ya faɗa mata komai, tun daga tokar da ya ɗiba a bandarta. Ba ta yi kuka ba, ba ta tsine masa ba. Ta daɗe tana kallon ƙofar ɗakin da Yasira take, sannan ta tashi ta hura wuta. Ta dafa, ta zuba a kwano, ta ajiye masa a kan tabarma, ta koma gefe ta zauna.

Sahabi ya wanke hannu. Ya jawo kwanon. Yana son ƙanwarsa, wannan gaskiya ne, kuma ya yi niyyar ci. Amma da ya kai hannu sai tunani ya zo. Ko akwai wani malami a Ngaski da zai iya karya abin? Ko a ba kare? Ko tsohon ƙarya yake, ya ci ya mutu a banza, a ɗauki Yasira duk da haka? Romo ya huce, mai ya daskare a sama, yana zaune. Daga ɗaki ana jin yarinyar tana jan numfashi da kyar.

Da aka kira la'asar ya miƙe. "Inna, bari in yi salla in dawo."

Ta dube shi da idanun nan da hayaƙi ya cinye.

Ya yi sallar, ya zauna a masallaci. Ya fito ya bi bakin ruwa yana lissafin hanyoyi, kowace ya kama sai ya ga wata ta fi ta. Sai da ya ga rana ta yi ja a kan tafki sannan hankalinsa ya tashi, ya kwasa da gudu.

Ya tarar da kwanon wayam, ƙayoyin an tara su a gefe. Inna na wanke hannu a buta.

"Inna! Me kika yi?"

"Rana na hwaɗuwa, ɗiyata na ɗaure. Na san ba ka iyawa."

Ya faɗi ya kama ƙafafunta yana kuka irin na yaro. "Da na ci, wallahi da na ci. Inna ki yafe mini. Don Allah ki ce kin yafe mini."

Ta janye ƙafarta a hankali.

"Tashi ka kwance ƙanwarka."

Ya shiga ya kwance zanen. Yasira ta ja dogon numfashi, ta ƙifta ido, ta tambaye shi me take yi a gida, ina Inna. Ko da suka fito, Inna na jingine da bango a kan sallayarta, ruwa na zuba ta hancinta da bakinta, ya jiƙa tabarmar har ƙasa. Ba ta ƙara magana ba.

Dukiyar ba ta kai arba'in ɗin Inna ba. Kifin ɗakin sanyi ya ruɓe da injin na aiki, jirage suka riƙa nutsewa a ɗaure, ma'aikata suka watse. Yasira ta ji komai daga bakinsa, ta haɗa kayanta ta koma wurin dangin uwarta a Shanga, kuma har yau ko sunansa ba ta yarda a ambata a gabanta. Shi kuwa yana nan, bai mutu ba, bai kuma haukace irin haukan da zai mantar da shi ba. Yana bin tsofaffin mata masu banda yana tambayarsu ko uwa tana yafewa a zuci ba ta furta ba. Wasu su ce masa e don tausayi, wasu su kore shi.

Kai da ka gama karatu kake zaune ba ka san inda za ka nufa ba, ka ji da kyau. Rashin sanin abin yi ba abin kunya ba ne, kuma ba ya kisa. Ka kama ƙaramin aikin da ke gabanka, ko alli ne ko fartanya, ka roƙi Allah ya sa albarka. Amma duk wanda ya ce zai zaɓa maka arziki a gindin kututture, ka sani ba kai za ka fara biya ba. Waɗanda suka ci wahalarka su za a fara ɗauka, kana raye kana kallo, kuma babu boka a duniya da zai dawo maka da uwa ta ce ta yafe.