Abin da Aka Zuba a Gorar Guduma

Ƙarfe tara na safe aka kira Sufeto. Wani ɗan damben zamani da ake wa laƙabi da Guduma ya yanke jiki ya faɗi a gidan motsa jiki, saura kwana huɗu ya hau dandamali.

A asibiti likita ko kujera ba ta nuna masa ba.

"Zuciyarsa talatin da biyu take bugawa a minti, kuma sauka take yi," in ji ta. "Wani abu ya sha. Sakamakon gwajin jini sai gobe, shi kuwa ban ga alamar zai kai la'asar ba. Lalube nake cikin duhu, Sufeto. Ka kawo min sunan abin."

A kan bencin ƙofa yayar Guduma ce zaune, wata tela, da guntayen zare manne a gyalenta. Ita ta raine shi tun rasuwar iyayensu.

"Me ya ci da safe, Malama?"

"Ba ya cin komai kafin atisaye, ranka ya daɗe. Sai ruwan nan nasa na amino."

"Wa ke haɗa masa?"

"Ni ɗinki na sani."

Sufeto ya ja Saje suka nufi gidan motsa jikin. Gorar Guduma na yashe kusa da buhun naushi, da ragowar ruwa ja-ja a ciki. A ƙasansa wani farin abu ya kwanta kamar alli.

Kocin Guduma ya yi bayani yana sharce gumi. Gari ne ake damawa da ruwa, ana sha don ƙarfin atisaye da saurin warware gajiya. Kowa a wurin yana sha.

"Lafiyarsa fa?"

"Garau. Ko mura ba ya yi."

Saje ya buɗe durowar kayan Guduma. Ƙarƙashin safar dambe akwai hoton ƙwaƙwalwa da takardar wani likita, wadda ta ce naushi ɗaya mai kyau a ka zai iya zama ajalinsa.

"Wannan ce murar da ba ya yi?" in ji Sufeto.

Koci ya zauna a kan benci. "Shi ya roƙe ni in rufa masa asiri. Shekara bakwai yana jiran wasan nan."

"Cokali nawa yake zubawa?"

"Ɗaya. Amma kwana biyun nan jiri yake ji, ƙafarsa ta yi nauyi. Yau na ce ya yi uku."

Mai shagon da ke sayar da garin ya rantse bai taɓa ganin Guduma ba, alhali hotonsu tare yana rataye a bayansa. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, lasisinsa ne ya ƙare tun bara.

"Ba lasisi na zo nema ba," in ji Sufeto. "Mutum ne ke mutuwa. Buɗe sabon gwangwani."

Mutumin ya ɓare, ya dama, garin ya narke tas babu ko ɗigon fari. Ya kafa kai ya shanye don a gani.

"Yaushe ya sayi na ƙarshe?"

"Ba shi ya zo ba, yayarsa ya aiko, makon jiya. Har ta tambaye ni ko zaƙinsa yana danne ɗaci. Na ɗauka ita ma za ta fara ɗaga ƙarfe."

Saje ya yi dariya, Sufeto bai yi ba. Wayarsa ta yi ƙara. Likita ce: "Ashirin da takwas."

Gidan su Guduma ɗaki biyu ne, maƙwabciya ta ba su makulli. Gwangwanin amino yana saman firij. Sufeto ya juye shi a faranti, sai ga farin gari ya cakuɗe da ja har ƙasa. A aljihun keken ɗinki suka sami ɗan turmin dakan kayan yaji da fari a gindinsa, da takardar kantin magani mai kwanan watan makon jiya. "Ɗaya da safe" kawai aka rubuta. Babu suna, babu tambarin kanti.

Sufeto ya juya takardar gaba da baya. Ya zazzage kwandon shara da hannunsa, ya ɗaga katifa, ya leƙa bayan tukwane, bai sami komai ba. Ƙarfe ɗaya ta wuce.

Ya koma asibiti ya sami yayar Guduma inda ya bar ta. Bai tsaya a kanta ba, ya durƙusa a gabanta ya ajiye turmin a ƙasa.

"Malama, ba ni da lokacin wayo, ke ma ba ki da shi. Na ga takardar likitan ƙwaƙwalwa. Na san abin da kike gudu."

"Ban san me kake faɗa ba."

"Cokali uku ya sha yau."

Ta ɗago kai a karon farko. "Uku? Ɗaya yake sha. Kullum ɗaya."

"Uku. Likita ba ta san me za ta karya ba. In kika yi shiru, kin tsira daga hannuna, amma wankan gawa za a yi masa kafin magariba."

Ta zuge jaka, ta zaro katin magani uku, duk an ɓare su. Maganinta ne na hawan jini. Sufeto ya fizge ya ruga ciki yana kiran likita.

Da ya fito ba sai da ya tambaye ta ba.

"Na roƙe shi, na yi kuka, na je na durƙusa wa kocin da na girme shi. Ƙanena ya ce min, 'Yaya, in ban hau ba, me na zama?' Jiri kawai nake so ya ji, likitan gasa ya auna shi ya hana shi. Ni na goya yaron nan ina da shekara sha uku. Kwana shida ban sha maganina ba, shi nake daka wa."

Sufeto ya zauna a ɗaya ƙarshen bencin, suka zuba wa ƙofar ido tare.

Ƙarfe uku da rabi likita ta leƙo. "Hamsin da huɗu. Ya buɗe ido, yana tambayar yayarsa."

Matar ta miƙe, sai ta ga 'yar sanda mace ta iso ta tsaya a gefenta.

"Minti biyu zan iya ba ki," in ji Sufeto.

Ta girgiza kai. "Da wane ido zan kalle shi? Ka faɗa min abu ɗaya kawai, ranka ya daɗe. Wasan nan, zai hau?"

"Ba zai hau ba. Takardar likitan ƙwaƙwalwa tana hannuna, yau zan kai wa masu gasar."

Ta gyara gyalenta, ta miƙa wa 'yar sandan hannuwanta biyu.

"To mu je."